Wace Shekara Labarin Nan Ya Faru? Darasin Masoyan Doctor Who Ga Matasan Ringim



Bari in fara da yi maka tambaya. Gajeren labarin nan da aka turo maka a WhatsApp makon jiya, wanda ka raba dare kana karantawa har cajinka ya ƙare, wa ya rubuta shi? A wace shekara? Kuma abubuwan da ke cikinsa, a wane zamani suka faru? In har ka iya amsa biyu cikin ukun nan, to ka fi yawancinmu. Galibinmu karantawa muke, mu yi dariya ko mu share ƙwalla, mu tura wa na gaba. Kafin labari ya taso daga Ringim ya isa Dutse, ya zaga Jahun ya dawo ta Taura, sunan mai shi ya ɓace, wani ya ɗora nasa, wata kuma ta sauya ƙarshensa saboda bai yi mata daɗi ba.

Yau ina so in kai ka wata duniya inda masu karatu suka ɗauki waɗannan tambayoyi uku da gaske, har abin ya zama sana'ar wasunsu. Kada ka ce nisa na ɗauko. In ka yi haƙuri za ka ga hanyar ta biyo ta Jos, kuma a ƙofar gidanku za ta tsaya.

Shirin da ya haura shekara sittin

Doctor Who shirin talabijin ne na BBC, na almarar kimiyya. An fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamban 1963, kwana ɗaya bayan an harbe shugaban Amurka John Kennedy. Tauraron shirin wani baƙo ne daga wata duniya da ake kira Dakta kawai, ba suna ba sunan uba. Yana yawo a cikin wani jirgi mai suna TARDIS, wanda daga waje kamar akwatin wayar 'yan sanda ne shuɗi irin na Ingila a da, daga ciki kuwa ya fi gidan sarki faɗi. Jirgin nan yana iya kai shi kowace duniya da kowane zamani, jiya ko gobe. Ƙage ne dai, kamar yadda kowa ya san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa zama a unguwar kowa ba.

Dabarar da ta sa shirin ya daɗe ita ce idan ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Dakta zai tafi, sai a ce Dakta ya sauya kama, wani ya karɓa. William Hartnell ne na farko, Patrick Troughton na biyu, a haka har aka iso kan Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, wanda ya karɓa a 2023.

An dakatar da shirin a 1989. Ban da wani fim guda da aka yi a 1996, bai dawo talabijin ba sai a 2005. To a shekaru goma sha shidan nan me masoyansa suka yi? Zama suka yi suna jiran tsammani? A'a, rubutu suka koma. Kamfanin Virgin ya fitar da tarin gajerun labarai mai suna Decalog a 1994, BBC ta fitar da Short Trips a 1998, daga baya kamfanin Big Finish ya ci gaba da wannan suna, a takarda sannan a murya. Tun kafin nan ma akwai littafin shekara-shekara na yara da aka fara bugawa a 1965, cike da gajerun labarai. Ka ga ke nan labarai sun taru jibgi, marubuta daban-daban, shekaru daban-daban, duk a kan mutum ɗaya da ba ya zama a zamani ɗaya.

Kwanan wata uku a kan labari ɗaya

Nan ne aikin masoya ya fara. Duk gajeren labarin da ya fito, sukan nema masa kwanan wata har uku.

Na farko, yaushe aka buga shi? Wannan shi ne mai sauƙi, domin yana jikin littafi.

Na biyu, a wane zamani abin da ke cikin labarin ya faru? A Landan ta 1963 ne, ko a zamanin Rumawa, ko shekara dubu nan gaba? Wani lokaci marubuci ya faɗa ƙarara. Wani lokaci kuwa sai ka bi sawu: wane sarki ke kan gado, wane irin kuɗi ake kashewa, wace irin mota ke kan titi.

Na uku shi ne mai cin rai: a wane gurbi na rayuwar Dakta labarin ya faɗo? Wane Dakta ne a ciki? Su wa ke tare da shi? Idan wata abokiyar tafiyarsa tana nan amma wani bai shigo ba tukuna, to labarin ya faɗo ne tsakanin kashi kaza da kashi kaza na talabijin. Idan ta ambaci wani abu da ta gani a kashi na gaba, to an sami matsala, sai a sake lissafi.

Har littafi aka yi a kan wannan. Wani marubuci, Lance Parkin, ya fitar da A History of the Universe a 1996, inda ya jera labaran bisa zamanin da suka faru. Daga baya shi da Lars Pearson suka faɗaɗa shi da sunan AHistory, yana ƙara kauri duk lokacin da aka sake buga shi.

Rigimar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Bari in ba ka misali ɗaya, ka ga yadda lissafin yake. Ka riƙe alƙaluman da kyau.

A wani labari mai suna The Web of Fear da aka nuna a 1968, wani farfesa da ya taɓa haɗuwa da Dakta a Tibet a 1935 ya nuna cewa an yi sama da shekara arba'in da wannan haɗuwa. Ke nan labarin ya faru a 1975 ko bayanta. A cikinsa ne aka fara ganin wani hafsan soja, Lethbridge-Stewart, yana Kanar. Labari na gaba da ya fito a ciki, The Invasion, ya nuna an yi shekara huɗu da haɗuwarsu ta farko, ya zama Birgediya, yana shugabantar wata runduna mai suna UNIT. Ka haɗa: 1975 da huɗu, 1979 ke nan. Sai kuma a Pyramids of Mars na 1975, wata abokiyar tafiyar Dakta, Sarah Jane, wadda ta san Birgediyan yana bakin aiki, ta ce ita daga 1980 ta fito. Zuwa nan komai ya tafi daidai.

Kwatsam sai ga Mawdryn Undead a 1983, ya nuna Birgediya ya yi ritaya tun 1976, a 1977 ma yana koyar da lissafi a wata makarantar kwana. To fa! Mutum ya yi ritaya shekara uku kafin ranar da muka fara ganinsa a kan kujerar? Shekara arba'in ke nan ana wannan musu. Kowa ya kawo hujjarsa, har masu shirin da kansu suka koma yin barkwanci da abin a cikin sababbin fitowa.

Za ka iya cewa wannan ai aikin marasa aikin yi ne. Dakata tukuna.

Abin da aka tsinta a Jos

Tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da 1978, BBC ta riƙa goge tsofaffin kaset ɗinta tana sake ɗaukar wasu shirye-shirye a kai, tana kuma zubar da kwafin fim da take ganin sun gama amfani. Babu wanda ya yi tunanin wata rana za a neme su. A haka kashi da dama na Doctor Who na shekarun farko suka salwanta.

Abu biyu ne suka yi ceto. Na ɗaya, yara da matasa masoya shirin da suka riƙa kara rikoda a jikin talabijin suna ɗaukar murya. Saboda su ne yau ake da muryar kowane kashi da hotonsa ya ɓace. Na biyu, BBC ta sayar da kwafi ga gidajen talabijin na ƙasashen waje, har da Najeriya, kuma ba duka aka mayar ba. Masoya suka bi tsofaffin takardun ciniki suna lissafin wace ƙasa ta sayi wane labari a wace shekara, daga ita kuma ina aka tura shi.

A watan Oktoban 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. A ciki akwai kashi tara da aka ɗauka sun tafi har abada: biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear, wato dai labarin nan da rigimar shekarun Birgediya ta samo asali daga gare shi. Adadin ɓatattun kashi ya sauko daga 106 zuwa 97 a lokacin. Abin takaici ga masoya, kashi na uku na The Web of Fear, wanda a cikinsa ne Kanar ɗin ya fara bayyana, ba ya cikin waɗanda suka koma Landan. Kuma ba wannan ne karon farko ba: a tsakiyar shekarun 1980 ma daga Najeriya aka mayar da kwafin The Time Meddler da The War Machines.

Ka ga abin da rubuta kwanan wata ya haifar. Da ba a san wa ya sayi me a wace shekara ba, da babu wanda zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ga kuma wani ƙarin. Steven Moffat, wanda ya ja ragamar shirin daga 2010 zuwa 2017, rubutunsa na farko da aka buga a kan Dakta gajeren labari ne a Decalog na uku a 1996. Wani gajeren labarin da ya rubuta a littafin yara na 2006 shi ya juya ya zama Blink a 2007, ɗaya daga cikin fitowar da masoya suka fi yabo. A watan Mayun 2025 kuma aka nuna The Story & the Engine, wanda ya faru a wani shagon aski a Legas, kuma Inua Ellams, haifaffen Jos, shi ya rubuta. Gajeren labari ba abin rainawa ba ne. Da yayyafi kogi ke cika.

Mu dawo gida

Kada ka ɗauka almarar kimiyya baƙuwa ce a Hausa. Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, labarin wani yaro Bahaushe da aka ɗauka yawo sararin samaniya. Tambayi abokanka na majalisa, mutum nawa ne suka taɓa riƙe shi a hannu?

Shi ma bin sawun shekaru ba baƙo ba ne. Kakarka ba za ta ce maka an haifi babanka a shekara kaza ba. Cewa za ta yi shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966, ko shekarar da aka canza hannun tuƙi, wato 1972, ko shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, wato 1973. Kundin tarihin sarakunan Kano ma tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa. Da H. R. Palmer ya fassara shi a 1908, ƙirga waɗannan shekaru aka yi da baya-baya har aka kai ga 999 a matsayin farkon mulkin Bagauda. Aikin da masoyan Doctor Who ke yi ke nan, mu ma mun gaje shi, mun dai ajiye ne.

Kuma muna da abin yi wa aikin. Littattafan soyayya da suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980, da yawansu ba sa ɗauke da shekarar bugu. Sai da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka zauna suka tattara jerin waɗanda suka fito daga 1987 zuwa 2002, aka buga a 2004. Finafinan Hausa na kaset, tun daga Turmin Danya na 1990, nawa ne za ka iya samun kwafinsu mai kyau yau? Yanzu kuma ga dubban labarai a WhatsApp da Facebook da Wattpad da YouTube. Takarda ko ta tsufa tana nan a ƙasan akwati. Labarin waya kuwa, ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko aka sace ta a kasuwa, ko aka rufe shafin, shi ke nan. Mu da muka ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa gidaje a ƙasar Ringim da sauran sassan Jigawa, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan yadda abu ke salwanta dare ɗaya.

Yadda za ka gano shekarun labari

A ce an turo maka labari babu suna babu kwanan wata. Ga wasu ma'aunai da za ka gwada shi da su.

Duba sunan wuri. In aka ce Ringim ta Jihar Kano, to ana maganar kafin 27 ga Agustan 1991 ne, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiri Jihar Jigawa. In aka ambaci Masarautar Ringim da Sarki mai sanda, to bayan nan ne. In jarumar tana karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, labarin bai riga 2011 ba. In kuwa jarumin ya hau jirgin ƙasa daga Ringim zuwa Nguru da buhunan gyaɗa, kamar abin yau da kullum, to wataƙila zamanin kakanni ake nufi.

Duba kuɗi. Takardar naira 100 ta fito a 1999, ta 200 a 2000, ta 500 a 2001, ta 1000 a 2005. In saurayi ya ba ƙanwar budurwarsa dubu guda takarda ɗaya, ka san inda ka tsaya. In mutane na kwana a layin banki suna neman sabon kuɗi, farkon 2023 ke nan.

Duba waya da abin hawa. Wayar salula ta shigo hannun jama'a a 2001. Kafin nan wasiƙa ce da ɗan aike. In ana yawo a bayan ɗan acaɓa a tsakiyar birnin Kano ba fargaba, ka tuna an hana wannan sana'a a can a Janairun 2013. In an rufe makarantu da kasuwanni saboda korona, 2020 ce.

Sai dai a kula da tarko biyu. Na farko, alama tana gaya maka labarin bai riga shekara kaza ba, amma ba ta gaya maka ranar da aka rubuta shi. Marubuciyar bana tana iya rubuta labarin 1985. Shi ya sa dole ka raba zamanin labari da zamanin rubutu. Na biyu, marubuci ɗan Adam ne, yana kuskure. In ka ga labarin 1995 amma ana tura kati ta waya, ba wani sirri ba ne, mantuwa ce. Rubuta ta a gefe, kamar yadda aka rubuta ta Birgediya, ka ci gaba.

Irin wannan lissafi yana aiki a kan shirye-shiryenmu masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina. Shekara nawa ta wuce a cikin labari tsakanin zango na ɗaya da na uku? Yaron da aka haifa a can, girmansa ya yi daidai da nan? Gwada wannan tambaya a majalisarku yau da daddare ka ga yadda hira za ta yi armashi.

Sharhi ba zagi ba ne, ba kuma kirari ba

Ɗaya rabin aikin shi ne sharhi. Yawancin abin da muke rubutawa a ƙarƙashin labari iri biyu ne: ko "Allah ya ƙara basira, muna jiran ci gaba", ko kuma "wannan ai shirme ne". Addu'a abu ne mai kyau, amma marubuci ba ya koyon komai daga ɗayan biyun.

Gwada wannan tsari. Fara da sunan labari, sunan mai shi, inda ka same shi da ranar da ya fito. Faɗi abin da ya ƙunsa cikin jimla biyu ko uku, amma kada ka tona ƙarshensa, ka bar wa na baya daɗinsa. Sannan kawo abu ɗaya da ya yi kyau tare da dalili, misali yadda maganar tsohuwar cikin labarin ta yi kama da ta tsofaffin garinmu. Kawo abu ɗaya da bai zauna ba tare da dalili, misali attajirin da ya faɗo daga sama a shafin ƙarshe ya warware komai. Ka yi magana a kan rubutu, ka bar mutuncin mai rubutu. In ka ba da maki, ka tabbata ma'aunin da ka auna na abokinka shi ka auna na wanda ba ka sani ba.

Ke kuma 'yar'uwa mai rubutu, wannan ya fi shafarki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin gajerun labaran mata, ta nuna irin baiwar da ke cikin ɗakunan gidajenmu. Duk abin da kika rubuta, sa sunanki ko sunan alƙalaminki da kwanan wata a farkonsa da ƙarshensa. Tura wa kanki kwafi ta imel kafin ki sake shi. Ranar da wani ya ɗauke shi ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗi, ko kika gan shi ya zama fim da sunan wani, wannan kwanan watan shi ne shaidarki.

Aikin wannan mako

Ba na neman ka sayi komai. Sami littafin rubutu mai shafi arba'in, ko ka buɗe fayil a wayarka. Ja layi shida: sunan labari, marubuci, ranar fitowa, inda ya fito, zamanin da ya faru tare da hujjarka, sai ra'ayinka a taƙaice. Cike labari biyar kafin Juma'a. In ku biyar ne a majalisa, ashirin da biyar ke nan a mako ɗaya. Ka leƙa akwatin Umma ko na Anti, ka nemi izini, ka ɗauki hoton bangon tsofaffin littattafan da ke ciki gaba da baya. In akwai tsohon kaset a gidan, kada a ba yara su yi wasa da zarensa.

Yaran da suka kara rikoda a jikin talabijin a Ingila shekara sittin da suka wuce ba su san suna adana tarihi ba. Shirin kawai suke so, ba sa son ya wuce su. Wanda ya jera gwangwanayen nan a kan kanta a Jos ya bar su da sunansu a jiki, shi ma aikinsa kawai ya yi. Kai ma abin da ake nema a wurinka bai wuce haka ba: in labari ya burge ka, rubuta sunan mai shi da ranar da ka same shi kafin ka tura wa na gaba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.